Tara riba ko karɓar rabo: yadda ake zaɓe a asusun jarin haɗaka

Asusun jarin haɗaka tsari ne da mutane da yawa ke haɗa kuɗinsu wuri guda, su danƙa wa wani kamfani mai lasisi ya saya musu hannun jari ko takardun bashi, riba da asara kuma su hau kan kowa gwargwadon abin da ya zuba. A takardun bankuna da na dillalan hannun jari a Nijar ana rubuta shi da sunan OPCVM, kuma iri biyu ne aka fi sani, FCP da SICAV.

Wanda ya zo cika takardar shiga yakan ci karo da wata tambaya da ba kasafai ake tsayawa a yi masa bayaninta ba: ribar da asusun ya samu, a bar ta a ciki ta hau kan uwar kuɗi, ko a riƙa biyan sa ita lokaci zuwa lokaci? Da Faransanci na farkon shi ne capitalisation, na biyun distribution. A wasu takardun harafin C ko D kaɗai ake sawa a gaban sunan asusun. Ga malamin makaranta a Gure, ko ma'aikaciyar asibiti, ko dillalin dabbobi a kasuwar Subdu, ko tsohon ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, wannan harafi guda na iya sauya abin da zai tarar bayan shekara 10 ko 20.

Inda kuɗin ke zuwa

Ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, wato Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo, kasuwar hannun jari ɗaya suke da ita, BRVM, mai cibiya a Abijan. Ta fara aiki ranar 16 ga Satumban 1998, kuma tana da ofishi a kowace ƙasa, har da Yamai. A can ake cinikin hannun jarin manyan kamfanoni irin su Sonatel na Senegal da Orange na Kodibuwa. Bankin BOA Niger ya shiga kasuwar a 2003. Ana kuma cinikin takardun bashin da gwamnatoci da kamfanoni ke fitarwa idan suna neman rance. Hukumar da ke ba da lasisi da sa ido ita ce AMF-UMOA, wadda kafin 2022 ake kira CREPMF. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta fitar da ita daga wannan kasuwa ba, domin kasuwar ta UEMOA ce.

Ana yanka dukiyar asusun zuwa kaso-kaso masu daraja ɗaya. Kamfanin da ke juya kuɗin yakan tattara darajar duk abin da asusun ya mallaka, ya cire ɗawainiya, ya raba da yawan kason da ke hannun mutane. Abin da ya fito shi ne farashin kaso, wanda takardu ke kira valeur liquidative ko VL. Da wannan farashi ake shiga, da shi ake fita. Wani asusun kullum yake fitar da shi, wani mako-mako. Takardun da aka saya ba a hannun kamfanin suke zama ba: doka ta ce a ajiye su wurin wani ma'aji na daban mai lasisi, kuma mai binciken lissafi ya duba littattafan asusun duk shekara.

Ta hanya uku asusu ke samun ƙari. Akwai rabon ribar da kamfanoni ke biyan masu hannun jari, akwai kuɗin ruwan takardun bashi, akwai kuma tashin farashin abin da aka saya. Zaɓin C ko D bai taɓa yadda ake neman wannan ƙari ba. Abin da ya shafa shi ne inda ƙarin zai kwana bayan an same shi.

Hanyoyin biyu

A tsarin tarawa ba a biyan mai kaso komai har ranar da ya nemi fita. Duk abin da ya shigo ana ƙara sayen takardu da shi. Yawan kasonsa ba ya ƙaruwa, farashin kowane kaso ne ke hawa. A tsarin rabo kuwa, ana ware wani ɓangare ko duk abin da ya shigo a aika wa mai kaso ta asusunsa na banki, galibi sau ɗaya a shekara, wani wurin sau biyu ko huɗu.

Ba kowane asusu ne ke ba da zaɓin ba. Wani tarawa kaɗai yake yi, wani rabo kaɗai, wani kuma ya bar wa masu gudanarwa ikon yanke shawara duk shekara. Ana rubuta wannan a takardar bayanin asusun da hukuma ta amince da ita, ƙarƙashin kan maganar affectation des résultats. Saboda haka wani lokacin zaɓen hanya na nufin zaɓen asusun kansa.

Rabo daga cikin garke yake fitowa

Mutane da yawa na ɗaukar rabon kamar nonon da ake tatsa, a sha, saniya na nan yadda take. Ya fi kama da fitar da maraƙi zuwa kasuwa: kuɗi sun shigo aljihu, amma garke ya ragu da kai ɗaya.

Ga misali na lissafi, ba alkawarin wani asusu ba. Mutum biyu kowanne ya zuba sefa miliyan 1, ya sayi kaso 100 a kan jika 10 kowanne. Bayan shekara dukiyar asusun ta ƙaru da 6 cikin 100, farashin kaso ya kai sefa 10.600. Wanda ya zaɓi tarawa yana da kaso 100 da darajarsu ta kai sefa 1.060.000. Wanda ya zaɓi rabo an biya shi sefa 600 a kan kowane kaso, wato jika 60, kuma a ranar da aka ware kuɗin farashin kasonsa ya koma jika 10. Yana da miliyan 1 a asusu da jika 60 a hannu. Jimilla sefa 1.060.000, daidai da na ɗan'uwansa.

A ranar rabo, ke nan, babu wanda ya fi wani. Kuɗin da aka biya mai rabo nasa ne tun kafin a biya shi. Wannan ruɗani ya kai ga hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Indiya, SEBI, ta tilasta wa kamfanoni sauya sunan wannan zaɓi daga 1 ga Afrilun 2021. Sabon sunan ya fito fili ya ce abin da ake biya rabon kuɗin shiga ne haɗe da cire wani abu daga uwar kuɗi.

Daga nan ake gane kuskuren masu hanzarin shiga asusu ana gab da rabo don kada ya wuce su. Wanda ya sayi kaso a kan 10.600 yau, aka ba shi 600 gobe, farashi ya sauka zuwa 10.000, kuɗinsa aka mayar masa. In ma ya biya kuɗin shiga, to ya ɗan yi asara.

Haka kuma ba daidai ba ne a kwatanta asusu biyu da farashin kaso kawai. Kason asusun rabo yakan daɗe yana kai-komo kusa da farashinsa na farko, na tarawa kuwa yana ta hawa. Sai an haɗa duk rabon da aka biya a baya kafin a san wanda ya fi aiki.

Abin da shekaru ke yi

Bambanci na fara fitowa ne daga shekara ta biyu. Mai tarawa ya shiga shekarar da sefa 1.060.000, don haka ƙarin 6 cikin 100 ya ba shi 63.600. Mai rabo ya sake farawa da miliyan 1, ya sake karɓar jika 60. Ratar ba ta kai jika 4 ba, amma kowace shekara tana faɗaɗa, domin ribar bara ita ma ta fara haihuwa. Da yayyafi kogi ke cika.

Idan aka ɗauka, don misali, cewa ƙarin bai sauya ba, ga yadda lissafin ke tafiya. Bayan shekara 10 mai tarawa yana da kusan sefa 1.791.000. Mai rabo ya karɓi jika 600 a tsawon lokacin, miliyansa na nan, jimilla 1.600.000. Bayan shekara 20 mai tarawa ya kai kusan 3.207.000, mai rabo kuwa jimillarsa 2.200.000. Ratar ta haura miliyan 1, wato fiye da abin da kowannensu ya zuba tun farko.

Akwai hanyar kintace mai sauƙi: a raba 72 da yawan ƙarin shekara, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗi za su ninka. A kan 6 cikin 100, shekara 12. A kan 3 da rabi cikin 100, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da aka tsara bankunan yankin su biya a kan asusun ajiya na livret, sai an haura shekara 20.

Wannan lissafi bai nuna cewa mai rabo ya yi asara ba. Jika 60 ɗin da ya karɓa duk shekara ta yi masa aiki: hatsi, magani, kuɗin makaranta. In ma ya sa ta a wata sana'ar da ke kawo fiye da 6 cikin 100, kamar kiwon turka ko noman rani a kwarurrukan Gidigir, yana iya fin mai tarawa. Asarar na kan wanda ya karɓi rabon ba tare da buƙata ba, ya narke a hidimomin yau da gobe.

Tsadar rayuwa

Miliyan 1 da mai rabo ke gani a takarda ba ta motsi, amma abin da za ta iya saye yana raguwa. Babban bankin BCEAO na neman riƙe hauhawar farashi tsakanin 1 zuwa 3 cikin 100 a shekara, sai dai a 2022 ta haura 7 cikin 100 a yankin baki ɗaya. Ko a kan 3 cikin 100, bayan shekara 20 miliyan 1 ba za ta sayi fiye da kayan sefa 554.000 na yau ba, jika 60 kuwa za ta yi aikin jika 33 kawai. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 sun san yadda kuɗin ajiya ke ƙanƙancewa ba tare da an taɓa su ba.

Don haka wanda ya kwashe duk ƙarin shekara yana cin wani abu daga ƙarfin uwar kuɗinsa ko da bai sani ba. Idan ƙari 6 ne, tsada 3 ce, rabin abin da aka biya shi ne kaɗai riba ta gaske. Mai son kuɗinsa su riƙe ƙarfinsu sai ya ci rabi ya mayar da rabi.

Wanda rabo ya dace da shi

Rabo ya dace da wanda ya daina samun albashi kuma fanshon CARENI ko CNSS bai ishe shi ba, da matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara da wani abu na gado, da ƙungiyar da ke son ɗaukar nauyin wata hidima ta shekara-shekara ba tare da taɓa uwar kuɗi ba. Amfaninsa shi ne kuɗi na zuwa da kansu, babu cika takarda, babu tunanin ko yau ce ranar da ta dace a sayar. Yana kuma zama iyaka ga mai sakin hannu: abin da aka aiko shi ne na ci, saura ba a taɓawa.

Sai dai rabo ba albashi ba ne. Babu wanda ya lamunce yawansa, kuma shekarar da asusun bai samu ba ana iya rage shi ko a tsallake. Lokacin biyansa ma ba mai kaso ke zaɓa ba. Dokar kamfanoni ta OHADA ta ba su wata 6 bayan rufe shekara su yi babban taro, da wata 9 su biya rabo, shi ya sa yawancin kamfanonin BRVM ke biya tsakanin Mayu da Satumba. Asusun da ke rabo yana da nasa ranar a rubuce. Ga magidanci a Gure, manyan hidimomi sanannu ne: sayen hatsi da kaka lokacin da gero ke araha, komawar yara makaranta a Oktoba, abincin dabbobi da bazara, da ragon layya wanda ranarsa ke matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Rabon da bai zo daidai da ɗaya daga cikinsu ba yana da sauƙin ɓacewa.

Wanda tarawa ta dace da shi

Tarawa ta dace da mai albashi ko sana'ar da ke ciyar da gidansa, wanda ke ajiya don abin da ke nesa: jami'ar yaron da ke firamare yanzu, gina gida, aikin hajji, ko tsufa. Gwargwadon nisan ranar buƙata, gwargwadon amfanin barin riba ta hau kan riba.

Nisa ma dalili ne. Gure na kan hanyar RN1, kimanin kilomita 165 gabas da Damagaram, fiye da kilomita 1.000 daga Yamai, inda ofishin BRVM da kamfanin dillanci na SGI Niger suke. Wanda ya zuba jika 200, rabonsa a kan 6 cikin 100 jika 12 ne. Idan yana son mayar da ita cikin asusun, sai ya biya kuɗin aikawa, wataƙila da kuɗin shiga karo na biyu, ga jiran takarda. A tsarin tarawa duk wannan na faruwa a cikin asusun, ba tare da ya motsa daga gida ba.

Akwai kuma wata magana da ba a rubutawa a takardar banki. Kuɗin da suka shigo hannu ana jin labarinsu, kuma mai zumunci ba ya iya cewa babu alhali akwai. Biki, suna da rance ga ɗan'uwa duk haƙƙi ne, amma wanda ya ware wani abu don karatun ƴarsa ya fi samun sauƙin kiyaye shi idan ba ya fitowa duk shekara.

Hanya ta uku

Mai tarawa na iya yi wa kansa rabo ranar da ya ga dama ta hanyar sayar da ƴan kaso. A misalin baya, idan ya sayar da kaso 6 a kan 10.600 zai karɓi sefa 63.600, ya rage da kaso 94 masu darajar 996.400. Kusan daidai yake da wanda aka biya rabo, amma shi ya zaɓi rana da adadi, kuma shekarar da ba ya buƙata sai ya bar su. Makiyayan Muniyo sun daɗe da wannan tsari: ba a fitar da dabba don shekara ta zagayo, sai don buƙata ta zo.

Sharuɗɗa biyu ne za a duba. Na farko kuɗin fita, domin wasu asusun na cire wani abu idan an fita kafin wani wa'adi. Na biyu kwanakin da ake ɗauka tsakanin neman fita da shigowar kuɗi. Haɗarin wannan hanya shi ne ƙofar da aka buɗe sau ɗaya tana da sauƙin sake buɗewa, kuma wanda buƙata ta kama shi lokacin da farashi ya faɗi zai sayar da kaso da yawa kafin ya haɗa adadin da yake nema.

Kasadar da harafi ba ya karewa

C da D duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Idan abin da asusun ya saya ya faɗi, su biyun za su ji a jikinsu. Ma'aunin kasuwar BRVM ya yi shekara 5 a jere yana sauka daga 2016 zuwa 2020, a 2018 kaɗai ya faɗi da kusan 29 cikin 100, kafin ya tashi da kusan 39 cikin 100 a 2021. Wanda ya shiga asusun hannun jari a 2015 ya ga kuɗinsa na raguwa shekara bayan shekara, ko ana biyan sa rabo ko ba a biya. Mai karɓar rabo a irin wannan lokaci yana iya ruɗuwa, ya ga kuɗi na shigowa ya ɗauka komai lafiya, alhali uwar kuɗin ta rame.

Takardun bashin gwamnati sun fi natsuwa, amma su ma ba su tsira ba. Bayan takunkumin da CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar ranar 30 ga Yulin 2023, ƙasar ta kasa biyan masu riƙe da takardunta na tsawon watanni. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Nijar ta koma kasuwa a Afrilu ta fara biyan abin da ya taru. Asusun da ya rarraba kuɗinsa tsakanin ƙasashe da kamfanoni da yawa ya fi jure irin wannan jinkiri.

Saboda haka tambayar irin asusun ta riga tambayar harafi. Akwai na hannun jari, wanda ya fi hawa da sauka. Akwai na takardun bashi, wanda ya fi dacewa da mai neman rabo mai ɗan daidaito. Akwai na gajeren zango, wanda ake kira monétaire, don kuɗin da za a buƙata nan kusa. Akwai kuma mai gauraya. Makiyayin da ya ga abin da farin 1984 da na 2010 suka yi wa garkuna ya san dalilin da ba a tara dukiya duka a nau'i ɗaya, kuma wannan ya shafi asusun jari kamar yadda ya shafi shanu.

Masu hulɗa da kasuwannin Nguru da Maigatari kan ji labarin asusun naira mai biyan kaso mai tsoka. Sai a tuna cewa sefa na ɗaure da yuro a kan kusan 656, naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, ta tashi daga kimanin 460 a kan dalar Amurka zuwa wajen 1.500 a farkon 2024. Ga wanda ke cefane da sefa, ribar naira sai an canza ta kafin a san ko riba ce.

Kuɗin hidima da haraji

Ana iya cire kuɗi a wuri uku: wurin shiga, wurin fita, da ladan gudanarwa na shekara. Na ukun ba ya zuwa da rasit, domin an riga an cire shi kafin a fitar da farashin kaso, amma shi ya fi nauyi. A misalin baya, idan ladan ya mayar da ƙarin daga 6 zuwa 5 cikin 100, bayan shekara 20 mai tarawa zai tarar da kusan 2.653.000 maimakon 3.207.000. Ɗigo ɗaya ya ci fiye da jika 550.

Harajin da ya shafi wannan fanni shi ne IRVM. A 2010 UEMOA ta fitar da umarnin daidaita shi tsakanin ƙasashenta, tare da sassauci ga abin da asusun haɗaka masu lasisi ke rabawa. Kowace ƙasa ce ke shigar da umarnin cikin dokarta, dokar kasafin kuɗi kuma na iya sauya abubuwa duk shekara. Mai shiga ya nemi a rubuta masa abin da za a cire daga rabo da abin da za a cire ranar fita. Inda ake cire haraji daga rabo kaɗai, tarawa na ƙara samun rinjaye.

Halacci da zakka

Barin kuɗin ruwa a cikin asusu ba ya sauya hukuncinsa. Wanda ke gudun riba irin ta ruwa, abin da zai duba shi ne kayan da asusun ke saye. Akwai takardun sukuk da aka tsara bisa ƙa'idojin Musulunci, inda abin da ake biya ke fitowa daga haya ko cinikin wata kadara. Senegal ta fitar da su a 2014, Kodibuwa a 2015, Togo a 2016, Mali a 2018. Asusun da ya ce yana bin shari'a ya kamata ya nuna majalisar malaman da ke duba shi da yadda yake ware abin da ya gauraya da haram don a yi sadaka da shi.

Zakkar dukiya ɗaya ce cikin 40 idan ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya ana bambanta ɗan kasuwar da ke juya hajarsa kullum, wanda ke ƙimanta kayansa duk shekara ya fitar, da wanda ke ajiye kaya yana jiran farashi, wanda ke fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar. Malaman zamani sun saɓa kan inda kason asusu ya faɗa, don haka sai a kai wa malami takardar bayanin asusun. Wanda aka ce masa ya fitar duk shekara kuma yana tsarin tarawa, sai ya tanadi kuɗin daga wani wuri ko ya sayar da ƴan kaso.

Kafin a sa hannu

Tambayoyin da ya kamata a samu amsarsu a rubuce su ne:

1. Mene ne lambar lasisin asusun da ta kamfanin da ke juya shi, kuma suna cikin jerin da AMF-UMOA ke wallafawa?
2. Asusun tarawa yake yi, ko rabo, ko duka biyun? In rabo ne, a wane wata, kuma nawa aka biya a shekarun baya?
3. Me asusun ke saye, kuma shekara nawa aka ba da shawarar a bar kuɗin?
4. Nawa ne kuɗin shiga, na fita da na gudanarwa?
5. Ana iya komawa daga C zuwa D daga baya, kuma da wane caji?
6. Kwana nawa ake ɗauka kafin kuɗi su fito, kuma ta wace hanya za su iso Gure?
7. Waɗanne takardu magada za su kawo idan mai kaso ya rasu?

Asusu na gaskiya ba ya alkawarin adadin riba. Duk wanda ya zo da maganar 20 ko 30 cikin 100 a wata, ko ya ce sai an kawo wasu mutane kafin a ci riba, ba asusun jari yake tallatawa ba. Tsarin MMM, wanda ya daskarar da kuɗin mutane a Najeriya a Disambar 2016, da irin wannan biya na farko-farko ya ja jama'a: kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi da sunan riba. A biya kuɗi ta asusun bankin da aka rubuta a takardar shiga, kada a damƙa su hannun wani mutum, kuma a ajiye takardar shaidar yawan kaso inda iyali suka sani.

Ba lallai ne mutum ya tsaya a hanya ɗaya har abada ba. Malamin da ke da shekara 15 kafin ritaya na iya tarawa yanzu, ya koma rabo ko sayar da ƴan kaso idan albashi ya tsaya. Wanda ke da ajiya biyu, ɗaya ta cefane ɗaya ta karatun yara, na iya sa ta farko a D, ta biyu a C. Abin da ke yanke hukunci a kowane hali shi ne amsar tambaya guda da mai kuɗin kaɗai ya san ta: a wace shekara zai buƙaci kuɗin nan, kuma don wace hidima.